Na Kujerar Baya

Tun da abokansa suka watse Kano, Sharfaddeen shi kaɗai yake tuƙa jirgin yaƙi a kwamfuta, a shagonsa na cajin waya a Kademi. Jirgin mai kujera biyu ne, ta baya kullum wayam.

Wani dare aka harbe masa inji ɗaya, jirgin ya karkace. Sai wata murya ta ce a hedifon da ke kunnensa, "Malam, sunkuyar da hancinsa, taka fedar dama."

Ya bi, ya sauka lafiya. Cikin murna ya ce, "Ɗan'uwa, daga wane gari?"

Sai ya tuna datarsa ta ƙare tun la'asar, ba wanda zai iya shigowa wasan ta intanet. Ya zare hedifon a hankali, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon da ya kulle ta ciki. Bencin bayansa ya yi ƙara.

Muryar nan ta ce daga bayansa, "Mu sake tashi mana. Na daɗe ba wanda ya ɗauke ni."