Surar da Barakatu Ta Tsallake

Sau uku ina ɗaukar fensir ina ajiyewa kafin in rubuta wannan labari. Karatuna bai wuce aji uku ba, abin da ke ciki kuma ba na yabo ba ne. Amma na ga in ban faɗa ba, zai yi ta cina. Zan kira yarinyar Barakatu, don ya fi mini sauƙi in ce "ta yi" da in ce "na yi".

Wata Juma'a ce a shekarar 1956, kasuwar Wudil ta cika ta batse. Barakatu ta raka goggonta Hansai sayar da soyayyen kifi kusa da kara, inda ake cinikin shanu. Tana zaune a bayan kasko, ta duƙufa kan tsohuwar jaridar da suke naɗe kifi, sai wani saurayi mai kaki ya tsaya a kanta.

"Goggo, a ba ni tarwaɗa biyu. Amma kada a naɗe mini a wadda Malama take karantawa, kada in raba ta da labari a tsakiya."

Barakatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Goggo Hansai ta kwashe da dariya.

"Ai ka taɓo mai kunyar duniya, ɗan nan. Wannan ko akuya ce ta kalle ta sai ta sunkuyar da kai."

Ran Lahadi sai ga shi a ɗakin sujadar unguwarsu, wani ɗan kango mai jinka a hanyar Ɗankaza, inda Kiristocin wajen suke taruwa, gidajensu ba su kai ashirin ba. Sunansa Isyaku, sabon malamin allurar shanu da hukumar En'e ta turo. Tun daga ranar littafin waƙoƙin Goggo ya zama gidan waya, a cikinsa suke aika wa juna wasiƙa.

Wasiƙarsa ta farko ta ce: "Malamata, ina gaisuwa. Tun ranar Juma'a kifin kowa ba ya mini daɗi. Ina da tambaya. In aka ba ki yini guda, aka ce ki tsara shi yadda ranki yake so tare da ni, yaya zai kasance? Naki, Isyaku."

Kwana huɗu ta yi tana goge amsa tana sakewa.

"Malam, ina amsawa. Ba na son Kano, ba na son mota. Ina so da hantsi mu shiga jirgin fito mu ƙetare kogi, mu sayi rake, mu zauna gindin giginya, Goggo tana ɗan nesa. Amma sai Baba ya rako mu bakin ruwa da yardarsa, ya tsaya yana kallonmu har mu sauka a tsallake. In babu wannan, ba na so. Barakatu."

A nan gizo yake saƙa. Mahaifinta, Baba Gwadabe, shi ne dattijon ikilisiya, kuma ba ya ƙaunar jin sunan gwamnati. Lokacin yaƙin duniya an kwashi mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza, aka tafi da ƙanensa Haladu, ko hularsa ba ta dawo ba. Bai taɓa koyon karatu sosai ba, ga yanar ido ta fara rufe masa gani, don haka kullum da safe Barakatu ce take zama gefen tabarmarsa tana karanta masa Littafi Mai Tsarki. Abin da ya shiga kunnensa kuwa ba ya fita.

Shekara biyu kafin zuwan Isyaku, suna cikin Romawa, idonta ya riga bakinta ya hango sura ta goma sha uku, inda aka ce kowa ya yi biyayya ga masu mulki, don Allah ne ya kafa su. A daren da ya gabata Baba ya yi mafarkin Haladu, ya tashi idonsa jawur. Sai ta lashi yatsa ta juya shafin, ta ci gaba da sura ta gaba. Bai lura ba. Da suka sake zagayowa, ta sake tsallakewa.

Da Isyaku ya turo manya neman izini, Baba ya ce, "Yaro ne mai ladabi, amma gwamnati yake wa aiki, ba zan ba bawan Kaisar 'yata ba. Ga Labaran ɗan mai bishara, gonarsa yake nomawa, babu mai busa masa usur."

Maganar ta bazu, ikilisiya ta rabu biyu. Masu 'ya'ya a makaranta suna cewa aikin gwamnati halal ne, tsofaffi suna cewa tarkon Shaiɗan ne. Mai bishara ya ce to, ran Lahadi bayan sujada a zauna gindin tsamiya a buɗe Littafi.

Baba ne ya fara, yana dogare da sanda.

"Da Isra'ilawa suka nemi sarki, me Allah ya ce wa Sama'ila? Ya ce ni suka ƙi. Ya ce sarki zai kwashe 'ya'yanku maza, ya kwashe mata, ya taɓa garkenku. Ni na gani da idona, ba labari aka ba ni ba."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Isyaku, yana durƙushe. "Amma Yusufu fa? Ba Fir'auna ya yi wa aiki ba? Da ya ƙi, da yunwa ta cinye har 'yan'uwansa. Ni shanun talakawa nake wa allura."

"Yusufu sayar da shi aka yi. Kai wa ya sayar da kai? Da ƙafarka ka je ka karɓi wandon kaki!"

Aka yi dariya. Isyaku ya ji zafi, ya ɗaga murya.

"To, Manzo Bulus ya rubuta wa Romawa cewa babu mulki sai da iznin Allah, wanda ya ƙi shi kuma ya ƙi abin da Allah ya kafa."

Baba ya buga sanda a ƙasa.

"Ƙarya! Babu wannan a Romawa. Sau biyu 'yata tana karanta mini shi daga fari har ƙarshe. Barakatu! Kawo Littafin, ki kunyata wannan yaron."

Ta taso daga cikin mata. Isyaku ya faɗi surar, bai san kome ba. Ta buɗe, ta duba mahaifinta, ta duba ƙasa ko za ta tsage. Sannan ta karanta, babu wanda bai ji ba.

Wata tsohuwa ta ce, "Ayya." Wannan ayya ta fi dariya ciwo.

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryarta.

"Dama yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Tun da can?"

Ta rufe Littafin. Ya miƙe, ya ƙi hannun kowa, ya kama hanyar gida yana laluben ƙasa da sanda.

Washegari ta ɗauko Littafin ta zo gefen tabarma. Ya ce, "Mayar. Makaho ba shi da abin dogara sai mai jagora. In mai jagora yana zaɓar masa hanya a ɓoye, gara ya zauna."

Wata takwas ba a buɗe Littafi a gidan ba. Bai zage ta ba, bai hana ta abinci ba, bai ma sake ambaton Labaran ba. Tana kai masa koko ya ce an gode, kamar baƙuwa. Damina ta zo ta wuce, idonsa yana ƙara fari, ita kuwa kunya ta ɗaure mata baki. Kullum sai ta ce gobe.

Wata Lahadi Goggo ta miƙo mata littafin waƙoƙi.

"Malamata, na ci gardama na rasa ke, na kuma kunyata dattijo a gaban jama'a. Da na sani da na haɗiye ayar. Na yanke shawara in ajiye aikin in kama noma, ko Baba zai huce. Ki ce mini e kawai. Naki har kullum, Isyaku."

Ta rubuta: "Malam, kada ka ajiye. Ba kakinka ne ya karya zuciyar Baba ba, yatsana ne. Ni zan je."

Ta same shi da yamma yana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta durƙusa.

"Baba, na yi maka laifi."

"Wata takwas kafin ki gano?"

"Na sani tun ranar. Bakina ne ya yi nauyi. Ranar da muka iso wurin, ka tashi kana kiran sunan Baba Haladu. Na ji tsoro in karanta maka cewa Allah ne ya kafa waɗanda suka tafi da shi."

Ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa.

"'Yar nan, kin ɗauka ban iya rigima da Ubangijina ba? Da kin karanta, da ni da shi mun yi ta, mu shirya. Kika shiga tsakani kika bar ni ina rantsuwa a kan abin da ban sani ba." Ya share ido da bakin riga. "Ɗauko. Karanta mini duka."

Ta karanta har inda aka ce ƙauna ba ta cutar maƙwabci. Ya ɗaga hannu.

"To. Mulkin da ya ɗauki Haladu bai karanta ƙarshen surar ba. Ban sauya ra'ayi ba, ki gaya wa yaron. Amma shi bai ɓoye mini kome ba, ya faɗa mini a fuska. Ya turo manyansa. Sai dai kada ya taka mini zaure da kaki."

Bayan an sa rana, Isyaku ya zo da farar riga ya roƙi yinin nan da ta tsara. Baba ya ce zai raka su. Goggo ta riƙe masa sanda har bakin ruwa. Suka shiga jirgi, mai fito ya tura gora.

Daga tsakiyar kogi Barakatu ta waiwaya. Baba yana tsaye, yana ɗaga hannu, amma fuskarsa tana duban wajen masu wanki, can gefe. Goggo ta kama kafaɗarsa ta juyo da shi. Da Barakatu ta yi magana tun farkon damina, da ya ga jirgin ko da dishi-dishi.

"Malamata, ga raken," in ji Isyaku a gindin giginya. "Ba haka kika rubuta ba?"

"Haka na rubuta."

"To, kukan fa?"

"Na ce ya tsaya yana kallonmu."

Isyaku ya ajiye raken. "Tare muka yi wannan ɓarnar. Tare za mu riƙe shi."

Aka ɗaura aure bayan kaka, a ɗakin sujadar nan mai jinka. Maƙwabta Musulmi suka aiko da shinkafa da zabi, mata suka yi guɗa. Baba ya lalubo kawunansu biyu ya dafa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Kai bawan Kaisar, ka riƙe mini ita amana. Ke kuma, duk abin da kika gani a shafi, ki faɗa wa mijinki, ko mai ɗaci ne."

Aka ce amin, aka kai amarya ɗakinta a Sabon Garin Wudil.

Amarya ba ta fita sai ta yi kwana bakwai, kowa ya san haka. Amma gari na wayewa Barakatu ta lulluɓa da mayafi, Isyaku ya ɗauke ta a keke har ƙofar gida, ya tsaya a waje saboda kakinsa. Ta tarar da Baba a kan tabarma, Littafin yana kan cinyarsa a rufe.

"Wane ne?"

"Ni ce, Baba."

"Amarya? Mutane za su yi da ke."

"Su yi."

Ta zauna a gefensa, ta buɗe Romawa daga sura ta fari, ta ɗora yatsansa a gefen takardar don ya riƙa juya shafin da kansa.