Kaset Uku Daga Bakin Tafki

Ranar da Sanusi ya fara ganin Zuwaira, baƙin mai ne a hannuwansa har gwiwa, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Jirgin ƙasa take kallo. Tana tsaye a tashar Kaura Namoda da tiren tuwon gwaggonta a ka, jirgi ya ja ya nufi Gusau, ta bi shi da ido har ya ɓace, tuwon mutane yana ta hucewa.

Sau uku yana ganin haka. A na huɗu ya goge hannu da tsumma, ya matso ya tambaye ta ko wani nata ne ya tafi. Ta ce a'a, ita dai so take ta san inda jirgin ke zuwa.

"Zariya, Kaduna, har Ikko."

"Bayan Ikko fa?"

"Sai ruwa."

"To bayan ruwan fa?"

Nan Sanusi ya san ya gamu da gamonsa. Shi makanikin jirgi ne, kuma tun yana yaro ƙafarsa ba ta zama. Da ya sami hutu, sai Jos ganin duwatsu, sai Yawuri ganin kogi, ya dawo ya ishi abokan aikinsa da labari har su gudu. Ga shi yau ya sami wadda labari bai isarta. 'Yar Zurmi ce, ta zo taya Gwaggo Saude sayar da abinci, kuma duk wannan son tafiya nata, Kaura ce iyakar duniyar da ta taɓa takawa. Ya sa mata suna Fasinjata. Ta ce ina aka taɓa fasinjan da bai hau ba, ya ce ai kujerarta na nan an ajiye.

Kafin kaka soyayya ta yi ƙarfi, Sanusi ya tura manyansa Zurmi. Suka dawo da goronsu ko kwancewa ba a yi ba.

Malam Sodangi, mahaifin Zuwaira, manomin gero ne mai sanyin hali, amma akwai miki a zuciyarsa. Babban ɗansa Abbati ya bi motar goro zuwa Kurmi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya ce wata biyu zai yi. Ba takarda, ba saƙo, ba gawa. Saboda haka da aka gaya wa tsohon irin yawon Sanusi, magana ɗaya ya yi.

"Tahiya ta ci mini ɗa. Ba ni ba ta ɗiya kuma."

Kamar an shirya, a wannan watan aka zaɓi Sanusi zuwa kwas na wata goma a ƙasar Suwizalan, inda ake ƙera injinan jirgi. Ya so ya ƙi. Zuwaira ce ta hana, ta ce in ya ƙi ba za ta yafe masa ba, ya je ya gano musu bayan ruwa su biyu. Da yake ba ta yi boko ba, wasiƙa ba ta da amfani, sai ya bar mata rakodarsa da batura, suka shirya zai riƙa aiko kaset ta gidan waya zuwa ga Gwaggo Saude, ita kuma ta kai Zurmi a cikin kayan miya. Zuwaira ta koma gida Zurmi, rakoda ta shiga ƙarƙashin gadon Inna, mahaifiyarta. Inna ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Kaset na farko ya zo da katin hoto a naɗe. Zuwaira ta jira Malam ya fita, ta rage murya, ta kara kunne.

"Fasinjata, salamu alaikum. Yau Lahadi ba aiki, ina bakin wani tafki. Wallahi da kin gan shi da kin daina yi mini kurin gulbinku na Zurmi. Ruwan kore ne shar, ana ganin tsakuwar ƙasansa, duwatsu sun kewaye shi, kowane da farar ƙanƙara a ka kamar limamai sun naɗa rawani. Na sa hannu na yi alwala, har yanzu yatsuna ba su dawo ba. Shanunsu ƙararrawa ake rataya musu a wuya. Saurara ki ji. Kin ji? Na hau wani akwati da ke tafiya a kan igiya har ƙolin dutse, na karanta duk addu'ar da na sani. Daga can sama na ga tafki uku a jere. Kowa na ɗaukar hoto, ni kuwa ina ta juyawa gefena in nuna miki, sai in ga ba kowa."

Ta ji shi sau bakwai har batir ya fara ja. Ta mayar da amsa tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce masa matsoraci, ta tambaye shi ko kifin tafkin ba ya jin sanyi, ko akwai kwalekwale, ko mutanen can suna noma gero. Haka suka yi ta yi har wata biyar, shi yana zaga tafkuna da rakodar aro a hammata, ita tana binsa daga ɗakin Inna.

Sai bazara ta shigo da sanƙarau.

Cutar ta ɗebi mutane a Zurmi, ta kwantar da Zuwaira kwana goma sha biyu ba ta san inda take ba. Allah ya tashi kafaɗunta, aka yi ta murna. Rana ta uku da farfaɗowa ta ga zakara a tsakar gida ya miƙe wuya ya buɗe baki, ba ta ji komai ba. Ta dubi Inna, bakin Inna yana motsi. Likita ya duba, ya ce kunnen ya tafi, ba zai dawo ba.

Ta yi kuka har ta gaji. Da Gwaggo Saude ta zo dubiya da sabon kaset a ƙasan kwando, Zuwaira ta riƙe mata hannu ta sa ta rantse ba za ta bari labarin ya kai ga Sanusi ba. Ta ce mutumin da arzikinsa duka a bakinsa yake, me zai yi da kurma? Gara ya gama kwas ɗinsa da farin ciki, in ya dawo ya gani da idonsa ya kama gabansa.

To wa zai ji mata kaset? Inna? Allah ya kiyaye, wace ɗiya ce za ta kunna wa uwarta zancen saurayi? Gwaggo ma uwa ce. Ƙawaye kuwa, kafin la'asar maganar ta kai kunnen Malam. Kunya ta rufe kowace ƙofa. Sai ta riƙa kunnawa ita kaɗai, ta ɗora tafin hannu a kan bakin rakodar, tana jin muryarsa tana rawa a fatarta. Ta san lokacin da yake magana da lokacin da ya yi shiru, iyakar abin da ta sani ke nan. In za ta ba da amsa, sai ta ƙura wa katin hoton ido ta yi magana a kansa.

A wannan tsakanin Ɗanbaba, wani falken shanu na Shinkafi, ya fara zuwa gaishe da Malam. Mutumin kirki ne, ba abin da za a ce da shi. Ya san da lalurar, ya ce ya ji ya gani, matarsa ta rasu, mai riƙe gida yake nema. Malam ya ji daɗi, don Shinkafi ba nisa, kuma mutumin bai wuce kasuwa da gida. Labarin ya bi ta bakin direbobi ya isa tashar Kaura, wani abokin aiki ya rubuta wa Sanusi rabinsa, wato zuwan Ɗanbaba kawai.

Sanusi ya aiko yana tambaya ko gaskiya ne, ya ce ta faɗa masa kalma ɗaya, ya dawo ya sake tura manya ko ya haƙura. Amsar da ya samu ta ɗaure masa kai. Muryarta ta yi ƙarfi, ta bushe, kamar mai magana da wanda ke tsallaken gona.

"Na ga hoton. Wannan jirgin ruwan fari ya yi kyau. Ka shiga? Gidajen nan na gefen dutse, ba su gangarowa in an yi ruwa? Ka ƙaro wasu hotunan. Ina lafiya."

Ya sake tambaya karo na biyu a wani kaset, har da roƙo. Ta sake yi masa zancen duwatsu da furanni. Sanusi ya zauna a kan benci bakin tafki, abin da ya yi shekaru yana mafarkin gani shimfiɗe a gabansa, ya ji duk ya fita ransa. Ya yanke cewa dama tafiyar take so, shi ɗan aike ne kawai, kuma kunyar ce masa a'a take ji.

Kaset na uku mai ɗauke da wannan tambaya ya iso Zurmi ana tsakar noma. Zuwaira ta leƙa ta ga Malam ya saɓa hauya ya fita, Inna ta tafi barka, ta jawo rakoda. Wajen jawowa abin ƙara murya ya gogi ƙafar gado ya murɗe har ƙarshe. Ina za ta sani? Ita dai ta ji yau rawar ta fi ƙarfi a tafinta, har ta yi murmushi.

Ƙotar hauyar Malam ta karye tun a kunya ta biyu, ya dawo ɗaukar wata. Tun daga zaure ya ji muryar namiji ta cika gidansa. Ya nufo ɗakin a fusace, ya ɗaga labule, sai ya tsaya. Ɗiyarsa na zaune ta ba ƙofa baya, hannunta a kan rakoda, kanta a sunkuye.

"Zuwaira, wannan ne karo na uku da nake tambayarki, kuma ba zan ƙara takura ki ba. Masu kamfanin nan sun ce in zauna shekara biyu, su riƙa tura ni ƙasashe duba injina. Kin san da can da gudu zan karɓa. Amma wallahi na gaji da ganin abu ni kaɗai. In kin ce in dawo, ko da Baba zai sake kora ta sau goma, zan dawo in zauna Kaura, ko Gusau ba zan leƙa ba sai da izninsa. In kin yi shiru kuma, na gane, zan sa hannu ƙarshen watan gobe. Allah ya ba ki zaman lafiya a Shinkafi. Ki gaishe da Baba. Na san zafin da yake ji, ban ga laifinsa ba."

Daga nan sai sheshsheka, da ƙarar ruwa yana bugun gaɓa.

Malam Sodangi ya daɗe a tsaye. Shekara goma sha ɗaya yana jiran matafiyi ya aiko ko da gaisuwa. Ga wani can bayan duniya yana aikowa yana ƙarawa, har da kuka, yarinyar kuma ko harafi ba ta ji ba. Tsohon ya ji tausayi ya kama shi. Ya taɓa kafaɗarta. Ta juyo ta gan shi, ta zabura za ta ɓoye rakodar, ya girgiza kai, ya zauna a ƙasa inda bai taɓa zama ba. Da hannu da motsin baki a hankali ya fahimtar da ita abin da aka sha tambayarta. Da ta gane, ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kuka mai ƙarfi, irin na wanda bai jin kansa.

Ya nuna mata ta sa sabon kaset ta danna masa. Ya gyara murya kamar mai shirin huɗuba.

"Sanusi, Sodangi na. Yarinya ba ta ji. Tun bazara sanƙarau ya ɗauke mata kunne, kunya ta hana ta hwaɗi. Duk abin da kac ce, ni na ji shi, ita ba ta ji ba, kuma ba ta ƙara jin muryarka har abada. Ka yi tunani da kyau. In ka ga ba ka iyawa, ba mu riƙe ka ba. In kana so hakanan, ka taho, na ba ka."

Da kansa ya hau mota ya kai gidan waya a Kaura, sannan ya wuce Shinkafi ya ba Ɗanbaba haƙuri. Ɗanbaba ya ce matar mutum kabarinsa, ya rako shi har tasha.

Sai jira. Mako uku, mako biyar, ƙarshen watan ya zo ya wuce, ba kaset, ba kati. Ba wanda ya san ko saƙon ya isa kafin a sa hannu, ko kuwa ya isa ne aka ji aka yi shiru. Zuwaira ta rame, ta daina tambayar Gwaggo. Malam kansa ya fara zargin ya jawo wa ɗiyarsa wulaƙanci.

Gero ya fara fitar da kai ranar da Inna ta shigo da sauri ta ja ta zuwa zaure. Sanusi ne a tsaye, da jaka ɗaya, ya rame shi ma. Kaset ɗin Malam ya same shi saura kwana biyu ya sa hannu, ya ga amsa ta gidan waya za ta daɗe, ya tsaya ya ƙarasa kwas ya taho da amsar da kansa. Ya buɗe baki don ya yi sallama, sai ya tuna, hawaye suka zubo masa.

"Ka ji dai ko?" ta ce, da muryar nan mai ƙarfi. "Ba ni jin labari yanzu. Me za ka yi da ni?"

Ya nuna ta, ya nuna kansa, ya nuna hanya, ya haɗa yatsu biyu ya tafiyar da su tare. Abin da ba zai iya gaya mata ba, zai kai ta ta gani. Malam yana gefe, ya kawar da kai, can ya ce su je duk inda suka ga dama, su dai riƙa aiko da saƙo.

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Sodangi. Maroƙi ya yi shela, mata suka rangaɗa guɗa, amarya na ɗaki ba ta san an yi ba. Malam ya bar baƙinsa a waje ya shigo da kansa, ya durƙusa gabanta, ya ɗora hannu a kanta, ya fara sa albarka da ƙarfi kamar tana ji. Allah shi ba ku zaman lafiya, Allah shi ba ku zuri'a ta gari, Allah shi kai ku shi maido ku.

Tana kallon bakinsa ta cikin hawaye. Bai kai ƙarshe ba ta ce amin, da ƙarfi, a tsakiyar maganarsa. Ba wanda ya gyara mata. Malam ya tsaya nan, ya shafa, ɗaki duka aka amsa da amin.