Jan Zaren Nana Shemsa

A ƙauyenmu da ke kan dutse, nesa kaɗan da garin Travnik, babu wanda bai san Nana Shemsa da son a sani ba. Jikarta Zumra ta doshi shekara biyu, ba ta tafiya, ba ta magana, sai rarrafe da murmushi. Uwar yarinyar, Almasa, ko a jikinta. Amma jikan maƙwabciya Behka, wanda Zumra ta girme shi, har ya fara bin kaji yana kiran sunansu. Wannan ne ya hana tsohuwa sakat.

A al'adarmu, yaron da ya yi nauyin ƙafa ɗaure masa ƙafafu ake yi da jan zare, a kai shi ƙofar masallaci ranar Juma'a, wanda ya fara fitowa ya yanke. Ina! Shemsa ta tsaya gaban jama'a da jika mai rarrafe? Sai ta bari magariba ta kawo jiki, ta zagaya da yarinyar bayan ɗaki, ƙarƙashin indararo, inda ko ruwan zafi ba a zubarwa a wannan lokaci. Ta ɗaure, ta yanke, ta yi jifa da zaren.

Ana idar da salla dutse ya faɗo a kan rufi. Wani dutsen ya sake faɗowa. Zumra da ke zaune kan tabarma ta ɗago kai, ta buɗe baki da muryar wata baƙuwar tsohuwa.

"Ku rufe tagar nan, sanyi nake ji."

Almasa ta saki faranti. Ita kuwa Shemsa, Allah wadaran naka ya lalace, guɗa ta rangaɗa.

"Ta yi magana! A kira mini Behka ta zo ta ji!"

Aka kwashe kwanaki a haka. Kullum magariba sai jifa, sai muryar. Zumra ta daina cin abinci, ta daina murmushi, wuyanta ya yi siriri. Almasa ta goya ta sai gidan Malam Ejub, tsohuwa na biye tana mita.

Malam ya daɗe yana karatu a kan yarinyar kafin ya ce, "Wace ce ke?"

"Aljana ce ni, mai zama ƙarƙashin indararo. Ɗana na koyon tafiya, wannan sokuwar ta jefo masa zare ya harɗe ƙafafunsa."

"Za a kwance. Sai ki fita."

"Zan fita, amma da maganata zan tafi. Yarinya ta koma yadda na same ta."

Shemsa ta matso. "Malam, a roƙe ta mana ta bar ko rabi. Ko zuwa Lahadi, Behka ba ta riga ta ji da kunnenta ba."

Aljanar ta yi tsaki, tsakin da ban taɓa jin irinsa a bakin ɗan Adam ba.

"Tir! Nawa ɗan ya fi ki shekaru, sai bana ya fara tsayuwa, ban taɓa jin kunyarsa ba. Ke uwar, me kika ce?"

Almasa tana kuka ta ce, "Ki kwashe duka. Ki ba ni 'yata, ko ba za ta taɓa cewa uffan ba."

Malam ya sa Shemsa ta koma bayan ɗaki, ta durƙusa a taɓo da rana tsaka tana laluben zare, maƙwabta na leƙe ta katanga, Behka a kan gaba. Ta samo shi, ta warware ƙullin da haƙori. Zumra ta yi atishawa, ta yi barci, ta farka tana neman nono. Ba a ƙara jin jifa ba.

Sai da tuffa ta nuna sannan Zumra ta dafa kujera ta miƙe don kanta. Shemsa ta ware hannu tana "Zo, zo wurin Nana!" Yarinya ta tsaya ta dube ta, ta ce da 'yar muryarta, "A'a." Ta yi taga-taga ta faɗa jikin uwarta.

Ka ce tsohuwa za ta ji kunya? Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta ruga bakin katanga.

"Behka! Ke Behka! Fito ki ji, ta yi magana!"