Kofin Koci Datti

Da hantsin Alhamis aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda cewa kofin ƙwallon ƙafa na wata kwaleji da ke hanyar Rigachikun ya ɓace. Sufeto Nazifi ya duba sunan wanda ake zargi. Koci Datti ne, mai horar da 'yan ƙwallon kwalejin, wanda za a yi wa walimar ajiye aiki da yammacin ranar.

Nazifi ya san shi farin sani, don shi ne golansa lokacin yana ɗalibi. Koci ne ya taka har gidansu a Doka ya roƙi mahaifinsa kada ya cire shi daga makaranta ya zaunar da shi a shagon yadi. Nazifi bai ɓoye wa shugabansa, Difi'o, wannan ba.

"To, je ka," in ji Difi'o. "Amma in shi ne, kai za ka kawo shi da hannunka."

A ƙofar ɗakin kayan wasa ya tarar da daraktan wasanni, Malam Salisu, yana ta huci.

"Sufeto, magana a fili take. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Makulli ɗaya ne, yana wuyan Datti tare da usur ɗinsa. Mutum zai bar aiki, ya ce bari ya tafi da abin tunawa. In kofi bai fito ba, babu walima, sai kotu!"

Suka shiga. Buhun farar ƙasar da ake shata fili da ita ya yage, garin ya bazu a daɓe. A cikinsa ga sawun mutum ya nufi inda kofin yake, ya dawo. Doguwar ƙafa ce, ba takalmi, har yatsu sun fito.

"Malam, kai kana cire takalmi in za ka shigo nan?"

"A kan me? Masallaci ne?"

Nazifi ya dubi ƙafarsa, sai ya ga safa kawai. Ashe ya bar nasa takalmin a bakin ƙofa bai ma sani ba. Dokar Koci ce tun da can, ba mai shigo masa da taɓo ɗakin kaya, kuma duk wanda ya yi wasa a hannunsa ta zauna masa a jiki. Ɓarawon nan ɗaya ne daga cikin 'yan wasan Koci. Shi kuwa Kocin gajere ne, ƙafarsa ba ta kai wannan ba.

Nazifi ya sami Koci a gindin darbejiya, furfura ta cika masa kai.

"Gola!" in ji Koci. "Har yanzu kana barin ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunka?"

"Sau ɗaya ne fa, Koci."

"A wasan ƙarshe."

Suka yi 'yar dariya, sannan Nazifi ya tsuguna gabansa.

"Wa ka ba makulli jiya?"

"Ba kowa."

"Ka yi sallar La'asar a nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Tun zamaninmu, in za ka yi alwala sai ka cire usur daga wuya ka miƙa wa kyaftin. Ka daina ne?"

Koci ya juya ya kalli fili. Ya ce, "Ka ce musu ni ne. Ni na gama nawa, shi yanzu ya fara."

"Ba zan yi ƙarya ba, Koci. Kai ka hana mu."

'Yan wasa na can tsakiyar fili suna motsa jiki. Nazifi ya tara su, ya tambaye su wane ne kyaftin. Wani dogon saurayi mai suna Nura ya fito.

"Kai ka riƙe usur jiya?"

"Ni ne, Yallaɓai. Ina tsaye bakin masallaci har ya idar, ko motsi ban yi ba."

"Ba ka shiga ɗakin kaya ba?"

"Me zan yi a can?"

"Madalla. Kowa ya cire takalminsa."

"Yallaɓai, ka toshe hanci tukuna, akwai na Hassan a ciki!" wani ya faɗa daga baya, aka fashe da dariya.

Nazifi ya bi takalman yana dubawa. Kowanne yana da fari a waje, don kowa ya taka layin fili. Da ya zo kan na Nura, sai ya kifa shi ya buga a tafin hannunsa. Farin gari ya zubo daga ciki.

"Ka cire takalmi ka shiga, ka taka gari, ka fito ka mayar da ƙafarka. Ina kofi?"

Dariya ta ɗauke.

"Yana cikin silin na ɗakinmu," in ji Nura a hankali. "Yallaɓai, ranar wasan ƙarshe mutanen wani kulob sun zo musamman don su gan ni. Koci ya ajiye ni a benci saboda na faɗi jarrabawa ɗaya. Ɗaya! Aka ci kofi ban taɓa ƙwallo ba. Ban so in ga ana ɗaga shi yau ana tafi."

"Da ka ji Koci ake zargi fa?"

Nazifi ya matso kusa da shi.

"Ka san abin da ya ce min yanzu? Wai in ce shi ne."

Nura ya durƙushe a ciyawa, ya rufe fuska da rigarsa yana kuka.

Kafin La'asar an sauko da kofin, an goge shi, an ɗora a tebur ƙarƙashin rumfa. Tsofaffin 'yan wasa sun fara isowa, wani likita, wani direban tirela, wani malamin makaranta, kowa sai ya rusuna ya kama hannun Koci da hannu biyu. Malam Salisu ma ya matso yana sosa ƙeya.

"Malam Datti, a yi haƙuri. Sharrin shaiɗan ne."

"Ba komai," in ji Koci.

Ya juya ya dafa kafaɗar Nazifi. "Allah ya yi maka albarka, Gola. Na so in ɗauki abin, amma da na shiga gida ban san da wane ido zan dubi 'ya'yana ba. Ka wanke ni."

"Mu ne da godiya, Koci," in ji Nazifi.

Ya kai Nura mota, bai sa masa ankwa ba. Yana shirin rufe ƙofa sai ga Koci ya kama ƙarfen motar yana ƙoƙarin hawa.

"Koci, walimarka fa? Mutane na jira."

"Su fara ci. Wa zai tsaya masa a can?"

Ya zauna kusa da Nura, ya gyara hularsa.

"Kai kuma share hawayen nan," ya ce. "Jarrabawar nan sai ka sake ta."