Batirin Tannie Hesta

Da safe motar kwana ta Tannie Hesta da mijinta Oom Dawie ta sake macewa a sansanin baƙi na Outjo. Ba fitila, ba firji, ga warin ƙonewar roba. Kafin Sajan Kavari ta iso, masu gadi har sun ɗaure hannun Fillemon, makanikin da ya saka musu sabon batir.

"Ɓarawo ne!" Tannie ta ce. "Ya sayar da namu, ya maƙala mana matacce!"

Fillemon ya ce, "Wallahi sabo na saka, Sajan. Idan aka kulle ni, wa zai sake ba ni aiki a garin nan?"

Kavari ta duba lambar batirin, ta yi daidai da ta kwalinsa. Ta juya kan maƙwabcinsu, ko shi ke jan wuta a ɓoye.

"Ni? Rana ke ba ni wuta kyauta, ga farantin sola a saman motata."

Ta sa aka yi wa batirin caji, aka kashe komai, ta jona mita. Abin mamaki, wuta na zuba! Ta zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, allurar mitar ko gezau.

"Yauwa! Akwai wayar da ba ta bi ta fiyus ba."

Ta lalubo ta a bayan batirin, an naɗe ta da filastar ciwo, ta goge a jikin ƙarfe har ta narke. Ta bi ta zuwa ƙarƙashin gado.

"Tsummokara ne kawai a nan," Oom Dawie ya ce, zufa na keto masa.

"Matsa, Oom."

Tirƙashi! Akwati ne da fanka da ƙwan fitila, an rataye naman barewa a jere, ana busar da biltong, wato kilishin can.

"Makaniki ba ya ɗaure waya da filastar ciwo," Kavari ta ce wa Oom Dawie. "Naman nan bai gama bushewa ba, kuma an rufe lokacin farauta. Ina takardar izininka? Shi ya sa ka yi gum ana ɗaure mutum."

"Dawie! A ƙarƙashin inda nake kwana? Da mun ƙone ƙurmus!" Tannie ta ce.

Aka kwance Fillemon, aka tasa ƙeyar Oom. Ba wanda ya ji tausayinsa ko kaɗan.

Tannie ta matso a kunyace. "Fillemon, ɗana, ko za ka gyara mana wayar?"

Ya murza hannunsa inda igiya ta ci, ya ɗauki jakar kayan aikinsa.

"Tannie, ki nemi wanda ba ɓarawo ba."