Darar Dutsen Tafi

Bayan la'asar Lawal ya rufe maƙerarsa da ke Gwandu, ya ɗaure diga da shebur a bayan babur. Matarsa Habiba ta biyo shi har zaure da gorar ruwa.

"Baban Nafisa, yau ma can za ka? Wanga hannu naka bai ishe ka wa'azi ba?"

"Sanyi ne ya kama shi," in ji Lawal. "Yau sai na kama ɗan banzan da ka taɓa mini alamu."

Ya tayar da babur ya kama hanyar Kalgo, ransa a dagule. Yatsu uku na hannunsa na hagu sun mutu murus. Ba ciwo, ba kumburi, ko ƙaya ya soka ba ya ji. Awartaki ma da ƙyar yake riƙewa, kuma maƙerin da ba hannu ai sunansa ɗan kallo.

Kakansa ne ya ɗora masa wannan jidali tun yana yaro. Dungu ake kiran tsohon, don yatsun da suka rage masa a hannu biyu ba su taka kara sun karya ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Wuta ta ci su." Shi ne ya ba Lawal labarin ramin tamar maƙeran dauri, can tsakanin Gwandu da Kalgo. Wai garmar da aka ƙera da ƙarfen ramin, uba ya yi noma da ita, ɗa ya gada, jika ya gada. Wai ramin ya ɓata, amma mutanen da sun bar alamarsa a jikin dutse. Lawal, wanda ya gaji da sarrafa ƙarfen matattun motoci, ya riƙe maganar nan kamar wasiyya.

Bara wani abokinsa makiyayi, Sambo, ya kai shi wani jan dutse da masu kiwo ke kira Dutsen Tafi. A samansa akwai wani fage mai santsi. An sassaƙa hoton awartaki, an sassaƙa tafin hannu da yatsu a baje, a tsakani kuma ga ƙananan gurabu jere reras. Lawal na gani ya ce taswira ce: kowane gurbi rami ne a cikin daji, hannun kuma yana nuna inda za a fara.

"Ni dai da gurbin dara yay yi mini kama," in ji Sambo. "Kuma sunan dutsen ma ya hwaɗa maka abin yi. Tahi!"

Lawal ya ja tsaki. Shi bai ɗauki dara bakin komai ba, wasan marasa aikin yi ne masu zaman gindin bishiyar bedi. Mai neman abu ido rufe kuwa, ko sawun kaza ya gani sai ya ce taswira ce.

Haka ya shiga haƙa. Duk inda ya tona ya tarar da tsakuwa da gidan gara, sai ya hau dutsen ya jefa guntun ƙarfe a gurbin wurin, don kada ya maimaita. Har guntaye goma suka zauna. Abin haushi, duk komawar da zai yi sai ya tarar an ajiye farin dutse ɗan dogo kusa da nasa. Da ya ga haƙa ba ta biya ba, ya ce awonsa ne ya karkace, ya fara gusar da guntayen daga wannan gurbi zuwa na kusa. Daga nan fa suka fara ɓacewa. Uku sun tafi. Gari kuwa an samu abin dariya, in ya gitta majalisa sai a ce, "Sarkin Tama, an dace?"

Rana ta yi ja lokacin da ya jingine babur a gindin dutsen. Sambo na koro shanunsa gida, ya tsaya ya dogara sanda.

"Lawal, almuru ya gabato. Ko shanuna ba su hawa nan yanzu."

"Yaranku na ka ɗauke mini ƙarfe. Yau in na kama ɗaya sai ya gane kurensa."

"Wallahi ba yaron da ka zuwa nan." Sambo ya dubi hannun Lawal, ya dubi dutsen. "Ƙarfe nawa sun ka ɓace?"

"Uku."

"Yatsu nawa sun ka mutu?"

"Kai dai ka cika camfi!" Lawal ya daka masa tsawa, ya kama hawa. Maganar ta soke shi, kuma sukar da ta yi masa ce ta ƙara masa haushi.

A sama ya laɓe bayan wani kalgo, inda yake hango gurabun sarai. Ƙarafunsa bakwai na nan, fararen duwatsun na kewaye da su. Kukan shanun Sambo ya yi nisa. Tsuntsaye suka yi ta hayaniyar komawa sheƙa, sai kuma suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe tukunya.

Ba yaro, ba babba. Sauro ne kawai ke cin ƙafarsa. Ya yi ƙwafa, ya miƙe zai tafi.

Sai ya ji wari.

Warin gawayin ƙirya ne da ƙarfe mai ja. Warin da ya girma a cikinsa, ba mai koya masa shi. Ya waiga gabas, ya waiga yamma. Babu hayaƙi.

Sannan sauti ya biyo. Fuu, fuu. Fuu, fuu. Zugazugi. Daga ƙarƙashin ƙafarsa yake fitowa, kuma dutsen ya ɗauki ɗumi har ta cikin takalminsa.

Ashe ramin na nan. Shekara guda yana tonon daji, abin yana ƙarƙashin gindinsa. Ya rarrafa ya durƙusa gaban gurabun.

Ƙyas.

Farin dutse ɗaya ya ɗaga, ya sauka a gurbin gaba. Ba hannun da ya taɓa shi.

A ɗaya gefen, ƙasar da iska ta tara ta lotsa, kamar wani mai nauyi ya gyara zama.

"Maƙeri," aka ce da raɗa. Muryar a bushe take kamar ana goga zarto. "Kai ad da tahiya."

Lawal ya dubi gurabun. Yanzu ya ga abin da Sambo ya gani tun ranar farko. Dara ce. Shi ya zuba 'ya'yansa da hannunsa, shi ya yi ta tafiya bai sani ba, kuma duk sanda fararen suka jeru uku, sai a ci masa ɗaya. Tafin da aka sassaƙa ba hanya yake nunawa ba. Abin da aka sa a wasan ne.

"Ni ban zo wasa ba," ya ce.

"Kowa haka shika cewa. In ka cinye ni, rami naka na."

Da mai hankali ne, da tuni ya ranta a na kare. Amma idonsa ya faɗa kan ƙarafunsa. Biyu a jere, na uku gida ɗaya ya rage masa. Ya tuna dariyar majalisa. Ya tuna Sarkin Tama.

Ya miƙa hannun dama ya tura ƙarfen.

Uku suka jeru.

"Madalla. Ci ɗaya."

Ya ɗauki farin da ya fi kusa. Ba shi da nauyin dutse. Yana da gaɓa. A gindinsa akwai zoben baƙin ƙarfe mai murɗi biyu, irin wanda maƙeran gidansu kaɗai ke yi.

Ƙashin yatsa ne.

"Dungu ma ya ci ɗaya," in ji muryar. "Ya daɗe yana murna."

Ƙyas.

Wani farin ya shige gidan da Lawal ya buɗe da kansa. Uku suka jeru. Dara ta ci gida.

Iska mai zafi ta ratsa saman ƙarafunsa a hankali, tana zaɓe. Duk wanda ta bi ta kansa, sai yatsa ɗaya ya yi masa zir.

"A'uzu billahi!"

Ya kai hannu ya wawushe ƙarafun. Shida suka taho. Na bakwai ya lafe a gurbinsa, ya yi ja wur.

Babban yatsansa na dama ya yi sanyi.

"Ba a tashi dara ba ta ƙare ba, maƙeri."

Ya zunduma a guje. Duwatsu na zamewa, ƙaya na yagar rigarsa. A bayansa zugazugin ya ƙara sauri. Fuu-fuu-fuu. Zafi na lasar ƙeyarsa.

Ya faɗi. Ya tashi. Ya sake faɗuwa.

Wani hannu ya cafke shi, Lawal ya kurma ihu.

"Ni na, Sambo! Tashi, kak ka waiwaya!"

Ashe Sambo bai iya tafiya ya bar shi ba. Can daga wani ƙauye aka ɗaga kiran sallar magariba, siriri, iska na yanka shi. Zugazugin ya tsaya cak. Sambo ne ya tuƙa, don Lawal ya kasa damƙe kan babur ɗin.

Yatsun nan huɗu ba su dawo ba. Sun bushe sun ƙanƙance, an yi rubutu an yi asibiti, a banza. Maƙera tana nan, amma ƙanensa Abdulhakeem ne ke riƙe masaba, Lawal na gefe yana zuga masa wuta. Ƙarafun shida suna cikin wata laya a wuyansa, ko wanka ba ya cire ta. Ya rantse ba zai taɓa ba wani yaro labarin ramin tama ba.

Ran nan 'yarsa Nafisa ta kama hannunsa tana jujjuyawa.

"Baba, mi ya samu yatsunka?"

Ya buɗe baki, sai ya ji muryar kakansa ta fito. "Wuta ta ci su."

Abin da ya fi damun Habiba kuwa, ba hannun ba ne. Kullum in rana ta yi ja, sai ta tarar da shi zaune a tsakar gida ya tona gurabu a ƙasa da sauran yatsunsa, ya ƙura musu ido. Ta sa tsintsiya ta share, bai hana ta ba. Jiya dai da ta ɗaga tsintsiyar sai ya riƙe mata hannu.

"Dakata," ya ce, bai ko dube ta ba. "Na gano inda na yi kuskure. Tafiya ɗaya ce kawai."