Kwana Arba'in Kafin a Sa Link

Hantsi ya ɗaga, Inna Hanne tana sheƙar wake a tsakar gidansu da ke Gaya, 'yarta Khairiyya kuma ta miƙe ƙafa a tabarma, kanta a cikin waya, sai murmushi take yi ita kaɗai.

"Wannan murmushin na Abdulmumin ne ko na shafin naki?" in ji Inna.

"Kai Inna, aiki fa nake yi."

"Na ga alama. Aikin har da rufe fuska."

Khairiyya dai tana da shafi a intanet, wanda ta haɗa da kanta da wata manhajar gina shafi, a kan wayarta mai tsagaggen gilashi. Tana rubutu a kan abin da ta tashi ta gani, wato adana wake da gyaɗa, injin feshi, fitilar sola. A ƙarƙashin kowane rubutu takan sa link, wanda in mutum ya danna zai kai shi shagon da ake sayar da abin. In ya saya, shagon ya ba ta kamasho. Inna ta ce ai wannan dillanci ne, sai dai dillaliyar ba ta fita daga tabarma.

Doka ɗaya gare ta, kuma ba ta wasa da ita: ba ta sa link ɗin abin da ba ta gwada da hannunta ba. Kowace Asabar kuma sai ta bi links ɗin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya mutu ta cire, wanda shagon ya canza kaya ta sauke shi. Ta nan ma ta haɗu da Abdulmumin, malamin firamare a Gafasa ta Ajingi. Ya rubuto mata ƙorafi cewa link ɗin fitila ba ya buɗewa. Ta gyara a take, amma bawan Allah ya ci gaba da samo abin ƙorafi kullum, har dai magana ta kai gaban manya. An tsayar cewa da an gama kaka za a zo sa rana.

Ran nan bayan la'asar sai ga Abdulmumin a zaure, da wani buhu a naɗe a hammata.

"Albishirinki," ya ce. "Baffa Inuwa ya buɗe shago online. Ya saro buhunan adana wake daga Kano, masu leda a ciki, waɗanda ba sa shan iska. Ya ce ki sa masa link, kamashonki ninki biyu."

Ta karɓi buhun tana jujjuyawa. "Ma sha Allah. Zan zuba wake in ɗaure. Bayan kwana arba'in in ba ƙwaro, zan sa."

"Kwana arba'in? Khairiyya, are you serious? Kafin nan kowa ya gama sayen buhu."

"Haka nake yi wa kowa."

"Baffa ba kowa ba ne. Ƙanin Baba ne, shi zai jagoranci masu zuwa sa ranarmu. Please, ki duba."

"Na duba, Abdul. Mutane ba sunan Baffa suke gani a shafin ba, sunana suke gani."

Ya tashi babur ɗinsa ya tafi, ko waiwayen da ya saba yi a bakin lungu bai yi ba.

Maganar ba ta yi wa Baffa Inuwa daɗi ba ko kaɗan. Mutum ne mai fara'a da kyauta, amma akwai saurin fushi. Ya ce yarinyar da ba ta ma shigo gidan ba har ta fara yi musu jarrabawa, to shi ƙafarsa ba za ta taka Gaya ba. Malam Tukur, mahaifin Abdulmumin, ba ya son ɓacin ran ƙaninsa, sai ya ce a dakata da maganar sa rana tukuna. Don ya nuna ya yarda da kayan ɗan'uwansa, waken da ya noma gaba ɗaya a buhunan Baffa ya zuba shi.

Da labari ya iso Gaya, Inna Hanne ta zaunar da 'yarta.

"Ke 'yar nan, dannawa ɗaya ce fa. Kya bari aurenki ya lalace a kan buhu?"

Khairiyya ta ɗauki wayarta. Ta buɗe manhajar, ta jawo hoton buhun ta ajiye, ta manna link ɗin Baffa a ƙarƙashinsa. Saura ta danna wurin wallafawa. Tana son Abdulmumin, so ba na wasa ba, kuma kwana uku ke nan bai kira ba. Sai ta tuna wata mata daga garin Balan da ta taɓa turo mata saƙon murya, tana cewa, "Ni ba na karatu, 'yata ke karanta mini. Duk abin da kika ce yana da kyau, shi nake saya." Ta goge link ɗin, ta kifa kai a cinyar Inna ta yi kuka mai isarta.

Inna ta shafa kanta ta ce, "To, Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. Tashi ki ɗaure buhun naki."

Ta zuba wake ta ɗaure shi tamau, ta jingine shi a ɗakin ajiya kusa da tsohon buhun da ta daɗe da yarda da shi. Kullum da safe sai ta je ta kara kunne a jikinsu, don ƙwaron wake in yana ci ana jin motsinsa. Abdulmumin ya dawo kira a rana ta biyar. Ya ce ya yi fushi, amma ya rasa wanda zai kai wa ƙorafi in ba ita ba.

Ran kwana goma sha tara ta kara kunne. Tsohon buhu shiru. Na Baffa kuwa ƙus-ƙus-ƙus, kamar ana taunar aya a ɗaki. Ta kwance bakin, ƙwari suka yo sama.

Inna ta leƙa ta riƙe haɓa. "To, gaskiyarki ta fito. Sai ki ɗauka a hoto kowa ya gani."

"A'a Inna, ba shi ne a gabana ba. Waken Baba na Gafasa duk a irin buhun nan yake."

Nan da nan ta kira Abdulmumin. "Ka bar duk abin da kake yi, ka je ka kara kunne a buhun Baba. Yanzu-yanzu."

Malam Tukur da kansa ya cire hula ya manna kunne a jikin buhu. Nan take ya sa aka fito da buhunan duka aka baje waken a rana. Allah Ya taimaka ɓarnar ba ta yi nisa ba, kaɗan ne ya huje. Baffa Inuwa ya iso a fusace, ya yage buhu ɗaya don ya ƙaryata, sai ga ledar ciki shara-shara, ɗinkin gindinta duk ƙofofi. Ashe shi ma cutarsa aka yi a wurin sari. Ya zauna a kan turmi yana share gumi.

"Da ta sa link ɗin nan," ya ce a hankali, "da yanzu rabin Ajingi suna ƙofar gidana da waken da ya lalace." Ya dubi Abdulmumin. "Ta rubuta a shafin nata?"

"Ta rubuta yadda ake gane buhu mai kyau da marar kyau, Baffa. Sunanka bai fito ba."

Baffa ya bi waɗanda suka riga suka saya ya karɓo buhunan, ya mayar wa wanda ya sayar masa. Ranar Juma'ar da ta zagayo, sai ga Keke Napep biyu a ƙofar gidan su Khairiyya, da goro da alawa da dattawa, Baffa Inuwa a gaba cikin babbar riga. Da maza suka gama magana a zaure, ya ce a kira masa 'yarsa Khairiyya. Ta zo ta durƙusa, mayafi har goshi. Ya ajiye wani sabon buhu a gabanta.

"Wannan daga wani wurin na samo. Kwana nawa?"

Ta sunkuyar da kai, murya can ƙasa. "Arba'in, Baffa."

"Ko yau ɗin ma ba ragi?"

"Ba ragi, Baffa."

Zauren ya kaure da dariya, Baffa ya fi kowa. Ya ce, "To ku shaida, mun sa rana kwana arba'in daga yau. A kwance buhu da safe, a ɗaura aure da hantsi. In an ga ƙwaro kada ki sa link, amma aure ba fashi."

Haka kuwa aka yi. Ranar ɗaurin aure gidan ya cika da mata, amarya ta zame ta shiga ɗakin ajiya da lallenta, ƙawaye na biye da ita suna tsiya. Ta kara kunne, shiru. Ta kwance, wake fes kamar ranar da aka zuba shi. Guɗa ta tashi har maƙwabta suka ɗauka an riga an shafa fatiha. Nan a tsaye ta manna link ɗin Baffa, ta rubuta a ƙasa kamar yadda ta saba: "Na gwada kwana arba'in. Ina samun kamasho in kun saya ta nan." Sannan ta danna.

Gaskiya da haƙuri ba su hana Khairiyya aurenta ba, su ne ma suka shigar da ita gidan miji da mutuncinta. Wanda jama'a suka ba shi amana, kada ya sayar da ita don kunyar dangi ko don son zuciyarsa.

Ba a yi minti biyar ba saƙo ya shigo shafin, daga ango. Ya ce link ɗin yana buɗewa lafiya lau, yau ba shi da ƙorafi ko ɗaya.